Sarkin Faɗa a Gidan Gilashi: Wa Ke Iya Zama da Kifin Beta?

A gefen arewa maso gabas na tsibirin Staten, wanda yake ɗaya daga cikin gundumomi biyar da suka haɗu suka zama birnin New York, akwai wata unguwa da ake kira Park Hill. Jerin benaye ne na jan bulo, masu hawa shida-shida, kowane bene cike da ɗakunan haya. Tun daga shekarar 1989, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Laberiya, har zuwa 2003 da aka ajiye makamai, dubban mutanen wannan ƙasa sun sami mafaka a unguwar da kewayenta, har ta kai ana yi mata laƙabi da Ƙaramar Laberiya. Ban da su kuma akwai waɗanda suka zo daga sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Mutumin da ya tashi a gida mai fili, da akuya a turke, da kaji a akurki, da tantabaru bisa katanga, idan ya iske kansa a hawa na biyar a irin waɗannan benaye, abin da ya rage masa na kiwo shi ne wanda zai iya zama a kan tebur. Saboda haka ne kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi, wanda akan kira tanki, ya dace da rayuwar ɗakin haya: ba ya kuka, ba ya wari, ba ya damun maƙwabci. A kantunan sayar da dabbobin gida na Amurka kuwa, babu kifin da ya fi jan ido kamar beta. Akan jera su a kan kanta cikin 'yan kofunan roba, kowanne shi kaɗai, wannan ja wur, wancan shuɗi, wani kuma fari fat, da jela da fukafukai masu jan ƙasa kamar malum-malum.

Galibi ba a daɗe da kai shi gida sai wani ya ce kifin nan yana cikin kaɗaici, a samo masa abokan zama. Daga nan ne fitina kan taso, domin akan wayi gari a tarar da baƙon a mace, ko kuwa shi mai gidan jelarsa ta zama tsumma. Zaɓen abokin zama ga beta yana da ƙa'idoji, kuma ba a gane ƙa'idojin sai an san asalin kifin da halinsa.

Daga fadamun Siyam

Asalin beta ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da wasu sassan ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Mazauninsa fadamun shinkafa ne da kududdufai da lambatu, inda ruwa ba shi da zurfi, ba ya gudu, yana da ɗumi, kuma ciyayi sun cika shi. Irin wannan ruwa ba ya riƙe iska sosai, shi ya sa aka halicci beta da wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin kansa, wadda yake shaƙar iskar sarari da ita idan ya ɗago bakinsa sama da ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarwaɗa, wadda kan daɗe a raye bayan an tsamo ta, ko gaiwa, wadda kan shige cikin laka ta yi rani.

Mutanen Tailan suna kiransa fla kat, watau kifi mai cizo, kuma sun daɗe suna kiwonsa don a haɗa faɗa ana caca, kamar yadda ake kara raguna ko zakaru a wasu wurare. A zamanin Sarki Rama na Uku, wanda ya yi mulki daga 1824 zuwa 1851, wasan ya yi ƙarfi har fada tana karɓar kuɗin izini a kansa. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Theodor Cantor, ya yi bayanin kifin a rubuce a 1849, sa'an nan a 1910 masanin kifaye na Ingila, Charles Tate Regan, ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi har yau, Betta splendens. A 2022 masu bincike na Jami'ar Columbia da ke birnin New York suka buga sakamakon nazarin da suka yi wa ƙwayoyin gadon kifin, wanda ya nuna cewa ɗan Adam ya fara kiwonsa shekaru dubu da suka wuce ko fiye. A 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, betan da ke kanti ya gaji abubuwa biyu daga hannun masu kiwo. Na farko zafin rai, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓa ana ƙarawa. Na biyu doguwar jela da launi mai ƙyalli, waɗanda aka samar daga baya don ado. Betan daji ɗan ƙaramin kifi ne mai launin ƙasa-ƙasa da gajerun fukafukai, yana da saurin iyo. Na kanti kuwa jarumi ne da aka sanya wa tufafin biki: zuciyarsa na son faɗa, amma nauyin jelarsa ya hana shi sauri, ko wajen kai hari ko wajen gudu. Duk wata shawara game da abokin zamansa tana komawa ga waɗannan abubuwa biyu.

Dalilin faɗan

Namijin beta yakan kama wani ɗan yanki na ruwa ya mai da shi nasa. A can yake busa kumfa da bakinsa, ya tara ta a saman ruwa ta zama sheƙa. Idan mace ta zo ta zuba ƙwai, shi ne ke tsince su ɗaya bayan ɗaya da baki yana kai su cikin kumfar, ya kori uwar, ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe bayan kwana ɗaya ko biyu. Duk wani namiji da ya kusanto abokin gaba ne. Sai ya buɗe marfin kunnuwansa, watau kafofin nan na gefen kai, ya baza fukafukai, launinsa ya ƙara turuwa, don ya nuna girma. Ko madubi aka kafa masa haka zai yi wa inuwarsa.

A fadama irin wannan karo ba ya daɗewa. Wanda ya ga ba zai iya ba sai ya sulale cikin ciyawa, magana ta ƙare. A cikin gilashi kuwa babu wurin gudu, saboda haka wanda aka rinjaya yana nan a gaban wanda ya rinjaye shi dare da rana, har rauni ko fargaba ta kashe shi.

Daga nan za a gane cewa beta ba ya jin kaɗaici irin wanda tausayin ɗan Adam ke zato. Shi ba kifin garke ba ne. Idan yana da ruwa mai ɗumi da tsabta, da ciyayin da zai riƙa kewayawa, da abinci daidai, zai yi shekara biyu zuwa huɗu lafiya lau shi kaɗai. Abokan zama sha'awar mai tanki ce, kuma babu laifi a cikinta, muddin ya san cewa shi ne ya kawo su, kuma alhakin rayukansu yana wuyansa.

Faɗin gida kafin baƙi

Tambaya ta farko ita ce yawan ruwan da tankin ke ci. A Amurka da galan ake awo, kuma galan ɗaya na can ya kai wajen lita 3.8. Abin da gogaggun masu kiwo suka fi yarda da shi ga shi kamar haka.

Tankin da bai kai galan 5 ba, watau lita 19, ko ga beta shi kaɗai ya yi ƙunci, balle a ƙara masa wani. Mai lita 19 ya ishe shi, kuma ana iya sa masa dodon koɗi ɗaya, ko 'yan jatan lande, amma ban da wani kifi. Sai an kai galan 10, watau lita 38, sa'an nan ake maganar garke ɗaya na ƙananan kifaye. A galan 20, watau lita 76, zaɓi ya yalwata. Tanki mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi, domin beta na bukatar kaiwa sama ya shaƙi iska ba da wahala ba, su kuma baƙin suna bukatar nisan da za su kauce masa. Mazaunin bene ya kuma tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: tankin lita 38, in an haɗa da tsakuwa da gilashi, ya kusa kilo 50, don haka sai tebur mai ƙwari.

Dalilin wannan lissafi ya wuce batun wurin iyo. Kowane kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama, amoniya kuwa guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da kan zauna a cikin na'urar tace ruwa da jikin tsakuwa, su juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su juya wannan ta zama naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa ta hanyar canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki. Ruwa kaɗan saurin ɓaci gare shi, kamar yadda cokali ɗaya na gishiri zai ɓata ƙaramar tukunya amma ba zai yi wa babbar komai ba. Yawancin kifayen da ke mutuwa a makonnin farko wannan guba ce ke kashe su, ko da yake beta akan ɗora wa laifin.

Sharuɗɗa huɗu

Idan faɗin tanki ya isa, sai a auna duk wanda ake so a kawo da sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, kada ya yi kama da beta. Kifi mai doguwar jela da launi mai haske, ko da ba ya faɗa, kishiya ne a idonsa. Na biyu, kada ya zama mai tsinkar jelar wasu, domin beta ba zai iya tsere masa ba. Na uku, ya kasance mazaunin wani hawa dabam. Bakin beta sama yake kallo, domin abincinsa na asali ƙwari ne da 'ya'yan sauro da ke saman ruwa, kuma a nan yake yawan zama; wanda ke rayuwa a ƙasa ko a tsakiya ba sa yawan haɗa hanya. Na huɗu, ya zama mai son irin ruwan da beta ke so: ɗumi na digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Santigireti, kuma ruwa mai natsuwa, ba mai igiya ba.

Akwai kuma wani abin da sababbin masu kiwo kan manta. Yawancin ƙananan kifayen da suka dace 'yan garke ne, ba sa samun natsuwa sai sun kai shida ko fiye. In aka sayo biyu kawai don a rage cunkoso, sai tsoro ya kama su, su daina cin abinci, ko kuma su koma cizon jelar beta. Saboda haka wanda zai kawo irin waɗannan sai ya yi lissafin baki bakwai, ba biyu ba.

Waɗanda ba a haɗa shi da su

Namiji biyu ba sa zama a tanki ɗaya, wannan babu ja a kai. Namiji da mace ma ba a barin su tare sai na ɗan lokacin haihuwa, a hannun wanda ya san aikin. Akwai masu tara mata zalla, biyar ko fiye, amma wannan na bukatar babban tanki da ƙwarewa, kuma sau da yawa yakan watse da rauni.

Kifin gurami ɗan uwan beta ne na kusa, shi ma mai shaƙar iska a sama ne, shi ma mai kama yanki ne, don haka hawa ɗaya za su yi ta jayayya a kai. Namijin gufi na ado, mai jela kamar mafici, ba ya cutar kowa, amma kamanninsa ke ja masa. Kifin nan mai zane irin na damisa da ake kira taiga bab, da jan tetira da ake kira safe, sun shahara da tsinkar jela. Cikin kwana biyu suna iya mai da jelar beta zare-zare, daga nan kuma ruɓa ta shiga. Dangin karfasa na ado, har da jan nan mai ɗigo-ɗigo na kogunan Afirka ta Yamma, sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Kifin zinariya, wanda jama'a suka fi sani, shi ne babban kuskure. Ruwan sanyi yake so, yana girma ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, yana kuma ɓata ruwa ƙwarai. Haka nan kifin nan mai manne wa gilashi da baki, wanda ake sayarwa yana ɗan yatsa da sunan mai share tanki, ana kiransa fileko: irin da aka fi sayarwa yana wuce santimita 30 idan ya girma. Ƙaguwa da danginta masu almakashi kuwa da dare suke farauta, lokacin da beta ke kwance yana barci.

Waɗanda suka fi dacewa

A ƙaramin tanki babu kamar dodon koɗi. Akwai wani iri da ake kira nerait, mai zane a bayansa, wanda wasu nau'o'insa daga gaɓar gabashin Afirka suke. Aikinsa kankare gansakuka daga gilashi, kuma ƙwansa ba ya zama 'ya'ya a ruwan daɗi, saboda haka ba zai cika tankin ba. Idan beta ya taɓa shi sai ya shige ɗakinsa. Akwai kuma wani babba daga Kudancin Amurka, mai dogayen ƙahoni masu laushi. Shi ma yana zama, sai dai wani betan yakan ciji ƙahonin, kuma kashinsa ya fi yawa.

Jatan lande caca ce. Jajayen nan ƙanana, in babu ciyayi masu duhu, abincin dare ne kawai aka sayo wa beta da tsada. Wanda ya fi tsira shi ne wanda ake kira Amano, da sunan Takashi Amano, Bajapane mai tsara tankunan ciyayi wanda ya rasu a 2015; ya kai santimita 5, jikinsa kuma garai-garai ne kamar ruwa, ba ya jan ido.

A tankin lita 38 ana iya sa garken ƙananan koridoras, 'yan ƙananan dangin kurungu ne daga kogunan Kudancin Amurka, masu gashin baki, waɗanda ke kiwo a ƙasa. Suna son yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi takan cinye gashin bakin. Wani zaɓin shi ne tetira mai launin garwashi, daga kogin Araguwaya na Burazil, wanda bai wuce santimita 2 ba, kuma ba a san shi da cizo ba. Ɗaya daga cikin garkunan biyu za a zaɓa, ba duka ba. Idan tanki ya kai lita 76, to, rasbora mai baƙin tabo a gefe, daga Malesiya da Sumatara da kudancin Tailan, tana cikin waɗanda suka fi cancanta, da yake ita da dangin beta ruwa iri ɗaya suka sani tun asali. Haka kuma kuli, wani siriri mai kama da ɗan maciji, wanda ke ɓuya da rana ya fito da dare.

Mai karatu na Nijeriya zai yi mamakin jin cewa ɗaya daga cikin abokan zaman da kantunan Amurka ke yawan ambata ɗan ƙasarsa ne. Wani ɗan ƙaramin kwaɗo ne da ke rayuwa cikin ruwa ɗungurungum, asalinsa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da kwarin Kwango, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Ba ya faɗa, amma ganinsa rauni gare shi, kafin ya lalubo abinci beta ya cinye, don haka sai an riƙa ajiye masa nasa a gaban bakinsa. A kuma yi hattara kada a sayo ɗan wani babban kwaɗon Afirka mai farce a maimakonsa, wanda ke girma ya haɗiye kifi. Ana bambanta su da hannayen gaba: na ƙaramin akwai fata tsakanin yatsu, na babban babu. Bugu da ƙari, tsakanin 2008 da 2011 hukumomin lafiya na Amurka sun gano cewa ɗaruruwan mutane, galibinsu yara ƙanana, sun kamu da ciwon ciki na salmonela ta hanyar irin waɗannan kwaɗi. Gidan da ke da jarirai gara ya haƙura da shi, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan taɓa ruwan tanki.

Ruwa da yanayi

Wanda ke kiwo a Park Hill yana da abubuwa biyu da zai kula da su. Na farko hunturu. Dokar birnin New York ta wajabta wa masu gidajen haya su ɗumama ɗakuna daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, amma abin da ta tanada shi ne digiri 20 da rana idan waje ya yi sanyi, da wajen digiri 17 da dare. Wannan ya ishi mutum da bargo, amma bai ishi kifin fadamun Tailan ba. In sanyi ya kama beta sai ya lafe, ya daina ci, cuta ta same shi, su kuma abokan zamansa su sami damar tsinkarsa. Na'urar ɗumama ruwa da ma'aunin zafi wajibi ne.

Na biyu ruwan famfo. Ruwan New York yawancinsa daga madatsun tsaunukan Catskill da yankin kogin Delaware yake zuwa, kuma ba shi da ma'adinai da yawa. Wannan ya yi wa beta da rasbora da tetira daidai, amma dodon koɗi na bukatar sinadarin alli don ginin ɗakinsa, in babu sai bayansa ya riƙa zaizayewa. Akan sa masa ɗan guntun ƙashin nan fari da ake ba tsuntsayen keji. Ruwan yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona kunnuwan kifi ya kuma kashe bakteriya masu amfani, don haka sai an ɗiga maganin kashe kulorin kafin a zuba.

Mai kiwo a Kano ko Maraɗi matsalarsa dabam ce. Daren hunturu na Disamba da Janairu yana sanyaya ƙaramin tanki fiye da kima, zafin Afrilu kuma yana iya dafa shi idan yana kusa da taga. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki. Idan na'urar tace ruwa ta tsaya, beta zai jure domin yana shaƙar iska a sama, amma tetira da rasbora ba su da wannan baiwa. Inda wuta ba ta da tabbas, beta da dodon koɗi su ne iyakar abin da hankali zai ɗauka.

Yadda ake haɗa su

Kafin baƙo ya shigo, sai a cika tankin da ciyayi da maɓoya yadda ido ba zai ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba, domin abin da beta bai gani ba bai dame shi ba. Daga cikin ciyayin da suka fi sauƙin riƙo akwai anubiyas, mai faɗin ganye, wadda asalinta rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Irin da aka fi sani tana ɗauke da sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo ayarin Baikie a kogin Kwara, ya rasu a Rabba a 1859. Beta na son kwanciya a kan ganyenta kusa da saman ruwa. A guji furannin roba masu kaifi, a kuma rufe tankin da murfi domin beta na tsalle, amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfin.

Sabon kifi akan ware shi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu, a tabbata bai zo da cuta ba. Abin da ya fi shi ne baƙin su riga beta shiga, shi ya zo daga ƙarshe ya tarar da su. In kuwa ya riga ya zauna, sai a fitar da shi na ɗan lokaci, a sauya wa ciyayi da duwatsu wuri, a saki baƙin, sa'an nan a mai da shi, don ya ga kamar sabon gari ya shigo. A ciyar da shi tukuna, a rage haske, a kuma zaɓi ranar da mai gida zai wuni yana kallo. Wajen ciyarwa, a ba beta nasa a sama a gefe guda, a jefa wa mazauna ƙasa abinci mai nutsewa a ɗaya gefen. Maganin kifi mai ɗauke da sinadarin tagulla yana kashe dodon koɗi da jatan lande, don haka a karanta kwalba kafin a ɗiga.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Ɗan buɗe kunne da kora ta taƙi ɗaya ko biyu a ranar farko ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne kora da ba ta ƙarewa, da jela mai yagewa, da kifin da ya maƙale a lungu ɗaya ya ƙi fitowa cin abinci, da betan da launinsa ya koɗe ko ya koma ɓuya. In aka ga haka a raba su nan take, ba a jira gobe. Don haka ne ake so mazubi na biyu ya kasance a shirye tun kafin a je kanti, a kuma tambayi mai kantin ko zai karɓi kifin idan zama ya ƙi. Halin beta ya bambanta daga ɗaya zuwa ɗaya: wani zai zauna da garken tetira shekara guda bai kula su ba, wani kuwa ko dodon koɗi ba zai bari ya sake ba. Babu jerin sunaye da zai faɗa wa mutum wane irin ya sayo, sai ido.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne zuba kifin da aka gaji da shi a tafki ko rafi. A jihar New York doka ta hana sakin kifi a ruwan jama'a ba da izini ba, kuma dalilin a fili yake: kifin ƙasa mai zafi zai mutu da zuwan hunturu, wanda ya jure kuma zai iya zama annoba ga kifayen wurin. A arewacin Ostareliya, inda yanayi ya yi masa daidai, beta da kansa ya riga ya bazu a fadamun kogin Adelaide. A can gidansa na asali kuwa abin akasin haka ne, domin tun 2011 aka sa betan daji cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, saboda gurɓatar ruwa da cinye fadamu da gine-gine.

Wanda tankinsa bai wuce lita 19 ba, mafi alherin abin da zai ƙara wa betansa shi ne ciyayi, da ɗumi, da ruwa mai tsabta, in ya so da dodon koɗi guda. Wanda kuma ke marmarin ganin garke yana kai da kawowa a ƙarƙashin wannan jela mai jan ƙasa, sai ya fara da sayen babban tanki, ya ba shi makonninsa shida ya nuna, ya tanadi mazubi na biyu, sa'an nan ya je neman baƙi.